Ƙotar Adakar Kakana

Kakana tsohon sojan Yaƙin Bama ne. Bayan da ruwan Tiga ya iso Kadawa, da adaka yake gadin shinkafarsa. Wata shekara gara ta cinye ƙotar bindigar, aka yi mata sabuwa cikin gaggawa. Daga nan sai ta shiga kuskure, ko zabo ba ta samu. Cikin wautar ƙuruciya na ce idon tsoho ne ya raunana.

Bai tanka mini ba, sai ya tafi da ni wurin wani masassaƙi a Bunkure. Mutumin ya shafa wa ƙarfen baƙin tukunya, ya kwantar da shi cikin icen ƙirya, ya ɗaga, ya kankare duk inda baƙin ya taɓa. Kwana uku yana haka. Ya ce, “Baba, idonka lafiya lau, mazaunin ƙarfen ne ya karkace.” Washegari da zabi biyu kaka ya dawo gida.

Bara na koma nemansa, na tarar Allah ya yi masa rasuwa, ba magaji, ƙiryar ma masu gawayi sun ƙarar. Shekaru ina koyarwa a jami'a, amma ban taɓa zama gabansa da alƙalami ba. Ire-irensa nawa suka rage, kuma wa muke jira ya je ya tambaye su?