Mutanen da Tarihin Kano Bai Ƙidaya Ba

Duk wanda ya karanta Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya san cewa littafin sarakuna ne. Su 48 ya jera, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, kowanne da shekarunsa da yaƙe-yaƙensa. Amma a ganina, mutumin da siffarsa ta fi zama a ran mai karatu ba sarki ba ne. Barbushe ne, mai tsaron Tsumburbura, baƙin dogon nan na kan dutsen Dala wanda aka ce da sanda yake kashe giwa, sa'an nan ya ɗora ta a ka. Ɗalibi yakan manta wanda ya gaji Gijimasu, amma da wuya ya manta mai ɗaukar giwa.

Haka kuma Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, wanda ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya kuma buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Turawa nawa suka yi mulki a Kano aka mance da su? Shi kuwa, saboda Bature ne mai Hausa a baki, Kanawa suka laƙaba masa suna, sunan ya bi gidansa har yau.

To, waɗannan biyu sun yi sa'a, ɗaya ya sami marubuci, ɗaya ya bar gini. Waɗanda suka dame ni su ne na cikin lunguna, waɗanda ba su bar ko ɗaya ba. Kowace unguwa ta yi nata. A tamu, in ji kakata, an yi wani dattijo mai ɗora huluna uku a kansa, rani da damina. Ba ya karɓar sadakar da ta wuce kwabo, in an ba shi sule sai ya kawo canji. Yana iya tsayar da attajiri a tsakiyar hanya ya tuna masa bashin da ake bin sa, ba kuwa mai ce masa kanzil. Yara na bin sa da tsokana, manya na neman addu'arsa da dare. Har ya rasu unguwa ba ta yanke hukunci ba, ko waliyyi ne ko taɓaɓɓe.

Wannan rashin yanke hukunci shi ne abin nazari, domin ta bakin irin waɗannan mutane ne gari yake faɗin abin da mai hankali ke tsoron faɗi. Alhali kuwa mu ɗaliban wannan sashe, in lokacin rubuta kundi ya zo, sai mu ruga ga sarauta da makaɗan fada, inda littattafai suka riga suka share mana hanya. Na tambayi tsofaffi biyar sunan yanka na mai hulunan nan. Huɗu laƙabinsa kaɗai suka riƙe, na biyar kuwa, wanda aka ce sun yi makarantar allo tare, ya rasu kafin azumin bara.