Baƙi A Gidan Kakanmu

Mu 26 muka yi karo-karo muka kama hayar gidan na kwana 4, a hutun Babbar Salla. Gidan gona ne a bayan garin Bukuru, daura da wani tsohon ramin kuza da ya zama tafki. Kakanmu ne ya gina shi da guminsa, mu kuwa muka sayar da shi a wulaƙance bayan rikicin Jos na 2001.

Wanda ya saya ya gyara shi ƙwarai, ba zan tauye masa ba. An yi sabon daɓe, an ja ruwan famfo, har rumbun acca ya koma ɗakin kwana. Yara suka bazu cikin kunyoyin dankali suna sowa. Mu manya muka duƙufa kan lissafin kuɗin rago da na mai.

Goggo ce ta ƙi shiga. Ta tsaya gindin mangwaron da ta dasa tun tana budurwa, sanyin la'asar yana kaɗa mayafinta. Ta miƙa hannu ke nan sai mai gadi ya zo ya rusuna, ya ce, "Hajiya, ba a tsinka sai da izinin mai gida."

Ta ce, "To, ɗana." Ta mayar da hannunta cikin mayafi.