Tambaya ta 14

Hutun damana na bara ban yi shi a gida ba. Yayana, ɗan gwaggona, likita ne mai neman ƙwarewa kan ciwon yara, kuma ba a ba shi takarda sai ya rubuta bincike. Ya ce, "Kai da kake karatun harshe, zo ka riƙe mini takardu." Na bi shi Magarya don jikka biyun da ya ce zai riƙa ba ni kullum.

Wanda bai ga Magarya a watan Satumba ba bai san zazzaɓin sauro ba. Tun 2005 likitocin MSF suke aiki a can, kuma a damanar 2018 yaran da aka kwantar lokaci guda sun haura 700. Yaya yana son ya san yara nawa ne suka yi jijjiga kafin a kawo su likita.

Takardar tambayoyin da Faransanci take. Malaminsa ya karanta, ya sa hannu, amma ba wanda ya rubuta ta Hausar. Da baki ake juyawa. Tambaya ta 14 tana neman convulsion, sai Yaya ya riƙa cewa, "Baiwar Allah, ya yi farfaɗiya?" Kowace uwa sai ta ce a'a, wata har da "Allah ya kiyaye."

Sai a kwana na shida, a wani ƙauyen Dungas, kunnena ya buɗe. Matar da ta ce a'a, ita ce kuma ta juya tana gaya wa maƙwabciyarta yadda ɗiyarta ta sandare, ido ya kakkafe, tana taune-taune har asuba. Farfaɗiya ciwo ne da ake ɓoyewa. Wace uwa za ta liƙa wa ɗiyarta sunan da zai hana ta miji, a gaban baƙo mai biro?

Na gaya wa Yaya. Ya yi shiru, don mun cika takarda wajen 70.

To, wa zai tambaya? Malamin yana Yamai, kusan kilomita 1,000. Ɗalibai sun yi masa yawa, ga koyarwa, ga marasa lafiya. Da farko na ji haushinsa, na ce wannan ai sa hannu kawai ya iya. Daga baya na lissafa: mutum guda ne, kuma ko ya zauna kan takardar wata guda ba zai ga kuskuren ba, tunda a bakinmu yake.

Yaya ya hau tudu neman rezo, ya tura saƙon murya ta WhatsApp. Wani abokinsa ya ce ya bar abin haka, wa zai sani? Kwana tara muna jira. Amsa ta shigo ƙarfe ɗayan dare, murya duk gajiya: a ajiye takardun, a rubuta tambayar da Hausa, a ba wani ya mai da ita Faransanci a gwada, a sake daga farko. Sannan ya ce, "Wa ya gano?"

Kuɗin mai sun ƙare, jikka biyuna ta koma ɗaya. Muka koma ƙauyen kan kabu-kabu, muka iske matar tana sussuka. Na ce, "Inna, ran nan jikinta ya sandare?"

Ta ce, "Sau biyu ma. Ai ba ku tambaye ni ba."