Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Laimar Ɗaki da Mai Duba Ta



Da zarar damina ta kankama, musamman a watan Agusta lokacin marka, akwai wani wari da ke tashi a ɗakunanmu wanda babu turaren wutar da ke kashe shi. Takalmi ya yi fari-fari, jakar fata ta yi fumfuna, shafukan littafi su manne da juna, fenti ya riƙa ɓarewa daga gindin bango kamar saɓar maciji. Sai mu ce "ai laima ce," mu shanya kaya a rana, mu jira kaka. Baɗi ma haka. Fasahar gine-gine na karanta a kwalejin kimiyya da fasaha, kuma darasin da ya fi zauna mini shi ne laima ba iri ɗaya ba ce. Wanda bai gane wadda ke damunsa ba, kuɗi kawai zai yi ta zubarwa.

Iri uku ce. Ta farko ita ce mai tasowa daga ƙasa. Bulo da yaɓe suna da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, kuma suna zuƙar ruwa yadda lagwani ke jan kananzir. A gindin bango take zama, ba ta cika wuce tsayin mita ɗaya ba, takan bar wani zane mai kama da gaɓar kogi, da farin gari kamar kanwa. Wannan garin gishirin ƙasa ne da ruwa ya hau da shi, ya bushe ya bar shi. Rigakafinta shi ne shimfiɗar da magina ke kira difisi, wadda ake sawa a saman harsashi don ta tare ruwa. Ƙa'ida ita ce ta ɗara ƙasar waje da aƙalla milimita 150, wato inci shida. To amma a tsofaffin unguwanninmu, kullum ana cikon lungu ana ɗaga titi, har ƙasar waje ta haye shimfiɗar. Shi ya sa za ka ga gidan da a da ake hawa a shiga, yau gangarawa ake yi.

Ta biyu ita ce mai ratsowa daga waje: yoyon kwano, indararon da ya toshe, tsagar bango, ko bututun banɗaki da ya fashe a cikin gini. Tabonta na iya fitowa ko'ina, sama ko tsakiya, kuma yakan ƙara faɗi bayan an yi ruwa. Idan kuwa tabon bai damu da rani ko damina ba, a tuhumi bututu.

Ta uku ita ce gumin bango, kuma ita ta fi rikita mutane, domin babu inda ruwa ya shigo. Duk wanda ya taɓa ajiye kofin ruwan sanyi ya ga bayansa ya jiƙe, ya riga ya san ta. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi. A zafin digiri 30, iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa. A digiri 20, kimanin giram 17 kawai take iyawa. Idan iska mai cike da tururi ta taɓa wuri mai sanyi, dole rarar ta sauka ta zama raɓa. Tururin kuwa daga gare mu yake: numfashi, girki, wanka da ruwan zafi, shanya a cikin ɗaki. Risho kaɗai, duk litar kananzir da ya ƙona yakan saki kusan lita ɗaya ta ruwa a iska. Wannan ne dalilin da kwano ke ɗiga da asuba ba tare da an yi ruwa ba, kuma shi ne ke jiƙa bayan durowa da ƙarƙashin katifar da aka shimfiɗa a kan siminti.

A lokacin da nake aikin sanin makama, na bi wani dattijon magini zuwa wani gidan haya. Wata baiwar Allah ce da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya, ƙaramin yana ta tari duk damina. Mai gidan ya yi fenti sau biyu, baƙin tabon yana dawowa, har ya fara cewa ƙazantar mai haya ce. Ita kuma ta rantse rufi ne ke yoyo. Ni na ɗauka silin za mu fara buɗewa, amma dattijon bai ma shiga ɗakin ba sai da ya zagaya bayan gida. Can muka tarar kwatar maƙwabta tana kwance a jikin bangon, ƙasar wajen kuma ta fi daɓen ɗakin tudu. Da muka shiga, ya dubi tagar da aka like da leda, ya ce, "Hajiya, yaushe rabon a buɗe wannan?" Ta ce, "Baba, tun farkon damina, saboda sauro." Ya ce, "In ana ruwa a ina kike shanya, a ina kike girki?" Ta nuna igiya da risho a lungun ƙofa.

Sai ya yanko leda guda biyu, ya manna ɗaya a gindin bangon baya, ɗaya a saman bangon da ke bayan durowa, ya like gefunansu da salatif. Bayan kwana biyu muka dawo. Ta ƙasa ta jiƙe ta ciki, alamar ruwan daga cikin bango yake fitowa. Ta sama ta yi raɓa ta waje, alamar daga iskar ɗakin yake. Ya juya wajen mai gidan ya ce, "Alhaji, rufinka lafiya lau, fenti kuma ba magani ba ne. Gyaran kwata da kwashe cikon nan naka ne. Hajiya, ke kuma a cire ledar a sa raga, a fitar da risho waje." Rigimar da ta kusa raba su ta mutu a tsaye, domin an samu wanda ya san abin da yake dubawa.

Wannan shi ne aikin mai duba laima, kuma a ƙasashe irin su Ingila sana'a ce mai zaman kanta, har masu sayen gida sukan nemi rahotonsa kafin su biya kuɗi. Ƙwararre yakan fara daga waje: rufi, indararo, magudana, tudun ƙasa. Sannan ya shiga ya yi tambayoyi, ya auna laimar iska da zafin bango. Wasu suna da kyamarar da ke nuna wuraren sanyi a jikin gini. Akwai kuma 'yar na'ura mai allura biyu da ake dannawa a bango. A yi hattara da ita: yadda lantarki ke ratsa abu take aunawa, kuma don katako aka daidaita ta, saboda haka gishirin da ke cikin fulasta kan sa ta yi ƙara ko da bangon ya bushe. Duk wanda ya danna ta sau ɗaya ya ce a fasa bango, a ji tsoronsa. A can Ingila ma an daɗe ana gargaɗi game da kamfanonin da ke cewa duba kyauta ne, alhali maganin da suke sayarwa shi za su rubuta maka. Araha ba ta ado. Gara ka biya wanda ba shi da abin sayarwa sai saninsa, ya ba ka a rubuce: ga musabbabi, ga hujja, ga abin da za a fara gyarawa. A Nijeriya, CORBON ce ke yi wa magina rajista, COREN kuma injiniyoyi. Idan bango ya tsage ko ya fara kumbura, irin waɗannan ake nema, ba mai fenti ba.

Kada wani ya ɗauka maganar ado ce. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, cututtukan numfashi da tsanantar asma. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a watan Disamba na 2020. Mahaifinsa ya kai ƙorafin fumfuna tun 2017, aka ce masa ya shafe ta da fenti. A watan Nuwamba na 2022 binciken kotu ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar fumfunar gidan ne ya jawo ajalinsa. A 2023 aka yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ta tilasta wa masu gidajen haya na al'umma su bincika irin wannan ƙorafi cikin ƙayyadadden lokaci. Duk lokacin da na ji mai gida ya ce "a sake fenti," wannan yaron nake tunawa. Mu a nan ma muna da ƙarin barazana: bangon ƙasa da gindinsa ya sha ruwa shi ne ke faɗawa kan mutane cikin dare a tsakiyar damina.

Kakanninmu sun san wannan. Sukan yi wa bango yaɓe kafin ruwa ya sauka, su shafe shi da makuba ko laso, su sa dogon indararo don ruwa ya zuba nesa da gini, su yi dakali ya kare gindin bango. Mu kuma sai mu lafta wa ginin ƙasa siminti, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ya ci bangon ta ciki. Ko mu manna tayil a kan tabo, danshin ya haura ya ɓullo a samansa.

Abin da ke hannunmu ba shi da tsada. A buɗe taga da ƙofa kowace safiya iska ta ratsa. A janye durowa da kantar littattafai daga jikin bango ko da faɗin tafin hannu ne. A ɗora katifa da kwalaye a kan katako. A rufe tukunya in ana girki, a rage shanya a ɗaki. A yashe kwata da indararo tun kafin watan Yuni. Idan za a goge fumfuna, a rufe hanci, a fitar da yara, kuma kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanki, domin hayaƙinsa guba ne. Ga masu neman haya ko sayen gida, in da hali a je duba shi a watan Agusta, washegarin ruwa, ba a cikin bazara ba lokacin da kowane bango yake da kyau. A leƙa bayan ƙofa, a shafa gindin bango, a shinshina. Sabon fenti a rabin bango kawai tambaya ce da ya kamata dillali ya amsa kafin a ba shi ko sisi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gidajenmu da lafiyar yaranmu.