Bayreuth: Garin Da Makaɗi Ɗaya Ya Fito Da Sunansa

Duk baƙon da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Bayreuth, a jihar Bavaria ta ƙasar Jamus, in ya dubi arewa zai hangi wata hanya ta miƙe ta hau tudu mai itatuwa. A ƙarshenta akwai wani gini na jan bulo maras ado. Shi ne gidan wasan da Richard Wagner ya gina don opera, watau wasan kwaikwayon da ake yinsa cikin waƙa.

An aza harsashinsa a 1872, kuɗi suka ƙare, sai da Sarki Ludwig na Biyu ya ba da rance kana aka buɗe shi a 1876. A ciki kujerun katako ne, makaɗa kuwa an ɓoye su a rami ƙarƙashin dandamali, ana jin amonsu ba a ganinsu. Kowace shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, mutane kan yi tururuwa nan daga ko'ina, ba a kuwa yin kiɗan kowa sai nasa.

Gwanintar Wagner ita ce ya ba kowa takensa. Jarumi da takensa, takobi da nasa, har zobe ma da nasa, da an buga mai sauraro ya san wanda ake nufi. Masu kiɗan silima sun gaji wannan dabara, kamar yadda John Williams ya yi a fim ɗin Star Wars na 1977.

Amma fa garin yana da tabo. Wagner ya rubuta maƙala ta ɓatanci ga Yahudawa a 1850, daga baya kuma Hitila ya zama babban baƙon iyalinsa. Bayan yaƙi ba a koma yin bikin wasannin Wagner a gidan ba sai 1951. A lambun da ke gindin tudun, kusa da mutum-mutumin Wagner, an kafa alluna a 2012 ɗauke da sunayen mawaƙa da makaɗan da aka tsangwama don su Yahudawa ne. Waɗansunsu an kashe su a sansanonin 'yan Nazi.

Shi kansa Wagner ya mutu a Venice a 1883, aka kawo gawarsa aka binne a bayan gidansa, Wahnfried. Dutsen kabarin ba a rubuta kome a kansa ba, ko da suna.