Tiyar awon sauƙi

Kowane ɗan kasuwa ya san ciniki ba ya ƙulluwa sai an yarda da tiyar awo. Haka lamarin yake ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ciwon da hawan jini ke yawan jawowa. Dangi kan ce "da sauƙi", amma lokotoro yana bukatar sanin yawan sauƙin, domin da shi ne zai ce a ci gaba da motsa gaɓoɓi ko a canza hanya.

A 1965, a ƙasar Amurka, Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka fito da wani ma'auni mai tambaya 10, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 100. Yana duba cin abinci, wanka, sa tufafi, riƙe fitsari, shiga makewayi, tafiya, hawan matakala da sauransu. A 1989 aka yi masa gyara a Ostareliya. A 2007 likitocin Koriya ta Kudu suka fitar da nasu cikin harshensu, bayan sun gwada shi ga majinyatansu. Gwajin irin wannan ma'auni yana da ƙa'ida: a fassara, wani dabam ya mayar da fassarar harshen asali, sannan a duba ko ma'aikata biyu za su ba mutum guda maki guda.

Na ga amfanin wannan wahala ran da na yi wa wani kawuna na Sukukutane tafinta a wani asibiti. Takardar da Faransanci take. Aka tambaye shi ko yana hawan matakala, alhali gidansa na ƙasa ne, babu bene. Damuwarsa ita ce ya iya tashi daga tabarma, ya riƙe buta ya yi alwala, ya tsuguna a makewayi, ya ci tuwo da hannun dama, wanda shi ne ya shanye. Da aka zo batun fitsari kuwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce "lafiya lau", don kunya ta hana dattijo faɗin haka gaban ɗan ƙanwarsa. Ma'aikacin ya rubuta abin da ya ji, makin ya fi gaskiyar jikin yawa.

Makwabtanmu sun riga sun fara. A 2014 masana suka wallafa gwajin fassarar Hausa ta wani ma'aunin, mai suna SIS, wanda aka yi da majinyatan Kano. Sai dai Hausar Kano da ta Arewa ba su zo ɗaya ba: a can "likita" mutum ne, a nan kuwa har wurin da ake ba da magani sunansa ke nan. Dole a sake gwada shi a Dogon Dutsi da Tibiri kafin a dogara da shi.

A 2025 Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ina ganin ɗakin majinyaci na cikin wuraren da ya kamata a fara ganin amfanin haka. Ku ma'aikata da ƴan kasuwa, ku ne ke biyan kuɗin mota da na magani idan tsoho ya kwanta. Kuna da haƙƙin tambayar lokotoro makin da aka ba shi watan jiya da na yau, da kuma harshen da aka yi masa tambayar. Allah ya ba majinyatanmu lafiya.