Alƙalamin haya

Har zuwa shekarar 2013, mai son manhajar Photoshop ko InDesign yana iya sayenta sau ɗaya ta zama tasa, kamar yadda tela yake sayen keken ɗinki. A wannan shekara kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbi don sayarwa, ya koma bayar da su haya. Ana biya wata-wata ko shekara-shekara, ranar da aka daina biya kuwa sai ƙofa ta rufe.

Wannan al'amari ya tsaya a ran wani malamin makaranta a Damagaram, wanda ƙungiyarsu ta ɗora wa nauyin tsara littafin tatsuniyoyi domin yara. Kuɗin hayar sun fi ƙarfin asusun ƙungiya. Abokai suka ba shi shawarar da kowa ya sani, wato ya nemi kofen sata wajen masu gyaran na'ura. Ya ƙi, ba don tsoron hukunci kaɗai ba. Tatsuniyoyin daga bakin tsofaffi aka tattaro su, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Ta yaya za a zuba irin wannan amana cikin akwatin da makullinsa yake hannun wani? In bayan shekara 20 aka so sake bugawa, wa zai buɗe?

Da haka ya faɗa wa manhajojin da ake kira masu ƴanci. Sunan ya fi "na kyauta" dacewa, domin an yarda kowa ya kwafe su, ya raba, ya duba cikinsu, ya gyara. Da GIMP, wadda ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka suka fara a 1995, ya gyara hotuna. Da Inkscape ya zana bango, da Scribus kuma ya jera shafuka. Abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne Scribus tana ajiye aiki a matsayin rubutu buɗaɗɗe, ba ƙulli a ciki.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa, ciwon da duk marubucin Hausa ya sani. Kyawawan samfuran rubutu da dama ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a gurbinsu, ko kuma ƙafa ta koma kafa. Samfuran Charis, Doulos da Andika na cibiyar SIL suna ɗauke da su duka, ana raba su ba ko dala, Andika ma domin masu koyon karatu aka tsara ta.

Ba a rasa wahala ba. Hannun da ya saba da wuri ɗaya sai ya yi lalube kafin ya gane sabon. GIMP ba ta kai Photoshop ba wajen shirya launukan tawada huɗu da maɗaba'a take aiki da su, shi ya sa ya bar wa Scribus wannan aikin, ta fitar masa da PDF ya kai wa mai bugu.

Labarin da ya fi son ba abokan ƙungiya shi ne na Blender, manhajar zane mai motsi. A 2002 kamfanin da ya mallake ta a Holan ya karye. Masu amfani da ita suka yi karo-karo, cikin mako 7 suka tara yuro 100,000, sama da miliyan 65 na sefa ke nan, suka fanshe ta domin kowa. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Duk sa'ad da ya kawo nan, ma'ajin ƙungiya yakan yi murmushi ya ce ashe Turawa ma sun san adashi.